Tambayoyi da Amsoshi Kan Tarihin Wayewar Turawan Yamma, Daga Zaman Kogo Zuwa Yau

Na daɗe ina koyar da tarihi a sakandare, kuma tambayoyin nan duk an taɓa yi min su, wasu a aji, wasu a majalisa bayan la'asar, wasu kuma ta waya cikin dare. Abin da ke damuna shi ne yadda mutanenmu suka rabu gida biyu a kan Turawa, wasu gani suke kamar daga sama aka sauko musu da ilimi, wasu kuma sun ce ai komai nasu sata ne ba su ƙirƙiri ko allura ba. Duk biyun ba su gamsar da ni ba shi ya sa na zauna na rubuta. Inda kuka ga K.H. ina nufin kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Wai me ake nufi da "Yamma" ne? Ai Turai arewa take da mu

Haka ne, in kana Kano ko Damagaram Turai arewa take, sunan ba daga wajenmu aka auna shi ba. Ya samo asali ne daga rabuwar daular Rum gida biyu a shekarar 395, ɓangaren gabas mai yaren Girkanci da ɓangaren yamma mai yaren Latin, daga baya cocinsu ma ya dare biyu a 1054. Yau in an ce Yamma ana nufin ƙasashen yammacin Turai da kuma wuraren da jikokinsu suka je suka mamaye, Amurka, Kanada, Ostareliya, New Zealand.

Su waye mutanen farko a Turai, su ma sun yi zaman kogo?

Sun yi mana, kuma sun daɗe a ciki. Masu binciken ƙasusuwa da kayan tarihi sun nuna cewa mutane irinmu daga Afirka suka fito suka isa Turai kimanin shekara 45,000 da suka wuce, suka tarar da wasu da ake kira Niyandatal waɗanda daga baya suka ƙare. Farauta suke da tsintar 'ya'yan itace cikin sanyi mai tsanani. A kogon Lasko da ke Faransa, wanda wasu samari suka yi tuntuɓe da shi a 1940, akwai zanen dawakai da bijimai da barewa da aka yi tun shekara wajen 17,000, kuma zanen yana da kyau ƙwarai, duk wanda ya gan shi zai san hankali ba jiya ya fara ba.

Noma kuwa ba su suka fara shi ba. Alkama da sha'ir da tumaki da awaki daga yankin Turkiyya da Sham da Iraki na yanzu suka shigo musu, ya ɗauki dubban shekaru kafin ya kai tsibirin Birtaniya. Lokacin da Masarawa ke gina dalar Giza, wajen 2500 K.H., mutanen Ingila suna jera manyan duwatsun nan na Stonehenge, ba su da rubutu ba su da birni.

To rubutun boko fa, ba nasu ba ne?

Wannan ita ce tambayar da na fi jin daɗin amsawa. Rubutu ya fara ne a Iraki wajen Sumeriyawa da kuma Masar, wajen 3200 K.H. Daga baya Finikiyawa, 'yan kasuwar teku da ke zaune a gaɓar Labanan ta yanzu, suka yaɗa haruffa 22 masu sauƙin koyo. Girkawa suka ara suka ƙara wasula, Rumawa suka samu ta hannun maƙwabtansu a Italiya suka gyara, shi ne haruffan Latin, wato bokon da nake rubuta wannan da shi.

Amma ku tsaya ku ji, waɗancan haruffa na Finikiyawa ta ɗaya ɓangaren su suka haifi rubutun Aramiyanci, shi ya haifi na Nabaɗiyawa, shi kuma ya haifi na Larabci, wanda muka ɗauka muka yi ajami. Kenan boko da ajami kakansu ɗaya. Alif da ba, alfa da beta, A da B, ku faɗe su a jere za ku ji kamar 'yan gida ɗaya ne. Duk shekara in na faɗi wannan a aji sai ajin ya yi tsit.

Me ya sa komai sai a ce Girkawa? Da gaske su suka ƙirƙiro dimokuraɗiyya?

Girka a lokacin ba ƙasa ɗaya ba ce, birane ne masu cin gashin kansu kamar yadda Kano da Katsina da Zazzau da Gobir suke a da, yare ɗaya amma kullum cikin faɗa da juna. A birnin Atina, wajen 508 K.H., wani mai suna Kilistenis ya kawo tsarin da maza 'yan gari za su taru su yanke hukunci da kansu, yaƙi ko sulhu ko haraji, kuma yawancin muƙamai ƙuri'ar sa'a ake jefawa duk wanda ta faɗo kansa shi ne, har majalisa mai mutum 500. Kalmar dimokuraɗiyya daga nan ta fito, mulkin jama'a. Sai dai mata ba sa ciki, bayi ba sa ciki, baƙi ba sa ciki, kuma su ne mafi yawan mutanen garin. Kuma wannan dimokuraɗiyyar ce ta yanke wa masanin falsafa Sukraɗ hukuncin shan guba a 399 K.H. saboda wai yana lalata tarbiyyar matasa da tambayoyinsa.

Ni a ganina babban abin da Girkawa suka bari shi ne ɗabi'ar neman hujja, kar ka ce min haka ne saboda kakanka ya faɗa, nuna min dalili. Sukraɗ ya koyar da Aflaɗun, Aflaɗun ya koyar da Aristo, Aristo kuma ya koyar da Iskandar ɗan sarkin Makidoniya wanda ya ci daular Farisa ya kai har bakin Indiya ya mutu a Babila a 323 K.H. yana ɗan shekara 32. Wasu malaman tafsiri sun danganta shi da Zulƙarnaini, da yawa kuma sun ƙi yarda. Birnin da ya kafa a Masar, Iskandariyya, nan ne ilimin Girkawa ya fi bunƙasa, nan Uƙlidus ya tsara lissafin jometiri, nan kuma Iratostenis, haifaffen ƙasar Libiya ta yanzu, ya auna faɗin kewayen duniya da inuwar rana. Toh kun ga cibiyar ma a Afirka take.

Rumawan da ke cikin Suratur Rum su ne na Italiya?

Daular ɗaya ce amma ɓangaren gabas. Bari in faro daga tushe. Rum ƙaramin gari ne a Italiya, suka kori sarkinsu wajen 509 K.H. suka kafa jamhuriya mai majalisar da ake kira senatus, daga kalmar Latin mai nufin tsoho, wato dai Majalisar Dattawa, kuma sanatan da kuke zaɓa sunansa daga can ya taso. Babbar kishiyarsu ita ce Kartaj da ke Tunisiya ta yanzu, wadda janar ɗinta Hanibal ya tsallaka duwatsun Alps da giwaye ya addabe su shekara da shekaru, amma a ƙarshe suka rushe birnin ƙurmus a 146 K.H. Jamhuriyar ta mutu ne a hannun janar-janar ɗinta, aka kashe Yuliyas Kaisar a 44 K.H., magajinsa Agustas ya zama sarkin sarakuna a 27 K.H., watan Yuli da watan Agusta sunayensu ne.

Sun iya gini, hanyoyi da gadoji da magudanan kawo ruwa birni, wasu har yau suna tsaye, sun kuma iya tsara doka, dokokin da sarki Jastiniyan ya sa aka tattara daga 529 su ne tushen shari'ar ƙasashen Turai da yawa, Faransanci da ake yi a Nijar ma jikan Latin ne. Amma daula ce da ta tsaya kan wuyan bayi, da bayi suka yi tawaye ƙarƙashin Spatakus aka murƙushe su aka gicciye mutum 6,000 a gefen hanya. Wani abin da ba a cika faɗa ba, sarki Septimiyas Seberas da ya hau a 193 ɗan Libiya ne.

Ɓangaren yamma ya faɗi a 476. Na gabas mai hedikwata a Kustantiniyya, Santambul ta yau, ya ci gaba kusan shekara dubu har Sultan Muhammad Alfatih ya ci birnin a 1453. Waɗannan Rumawan gabas, waɗanda surar ke magana a kansu, su ne Farisawa suka ci da yaƙi suka ƙwace Ƙudus a 614, sannan sarkinsu Hiraƙal ya dawo ya yi nasara a 627, shi ne kuma wanda Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa, wanda ya zaunar da Abu Sufyan yana masa tambayoyi.

Kiristanci addinin Turawa ne tun asali?

A'a, daga Falasɗinu ya taso, kuma Rumawa sun shafe shekaru suna gallaza wa mabiyansa kafin sarki Kustantin ya halasta shi a 313, ya zama addinin gwamnati a 380. Habasha ta karɓe shi tun ƙarni na 4, Lituwaniya da ke Turai kuwa sai 1387. Babban malamin da ya fi tasiri a tunanin cocin Yamma, Agustin, an haife shi a Aljeriya ta yanzu a 354.

An ce lokacin da suke cikin duhu Musulmi ne suka haska musu fitila, gaskiya ne ko kuri ne?

Gaskiya ne, amma a faɗe ta daidai. Bayan faɗuwar Rum ta yamma birane sun ragu, kasuwanci ya ja baya, masu iya karatu galibi 'yan coci ne da ke kwafar littattafai da hannu a gidajen ibada, su ma sun taka rawa wajen adana na Latin. A daidai wannan lokacin a Bagadaza ana fassara littattafan Aristo da likita Jalinus da Uƙlidus zuwa Larabci, kuma fitaccen mai fassarar, Hunain ɗan Is'haƙ, Kirista ne, halifofi ke biyansa. Ba fassara kawai aka yi ba an ƙara, Alkhawarizmi ya tsara aljebra, Ibnul Haisam ya yi bayanin yadda ido ke gani, Ibn Sina ya rubuta Alƙanun wanda jami'o'in Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna koyar da likitanci da shi.

Ƙofar da ilimin ya bi ita ce Andalus, wato yankin Sifaniya ta yanzu, wadda Ɗariƙ bin Ziyad ya shiga a 711, da kuma tsibirin Sisili. Da Kiristoci suka ƙwace Toledo a 1085 suka tarar da ɗakunan karatu, sai ɗalibai daga ko'ina suka yi ta zuwa suna juya littattafan zuwa Latin. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda malamanmu na Malikiyya suka sani da Bidayatul Mujtahid, shi ɗin ne malaman Paris suke kira Mai Sharhi kawai ba sai an faɗi suna ba, saboda sharhinsa kan Aristo. Lambobin 1, 2, 3 da sifiri kuma asalinsu Indiya ne, wani ɗan Italiya Fibonachi ya koye su a Bijaya ta Aljeriya inda babansa ke aiki ya rubuta littafi a kansu a 1202.

Inda nake rabuwa da masu cewa sata ce, ilimi ba tunkiya ba ce da in an ɗauke ka rasa. Littattafan suna nan a hannun Musulmi ba wanda ya hana a ci gaba. Abin da Turawa suka yi shi ne suka kafa jami'o'i masu cin gashin kansu, Bolonya ta Italiya wajen 1088, sai Paris da Oksfod, suka riƙe abin da suka aro suka yi ta gardama a kai ƙarni bayan ƙarni.

Yaƙin Salibiyya fa?

Fafaroma Urban na biyu ya yi kiran a 1095, suka ci Ƙudus a 1099 suka yi kisan gilla ga Musulmi da Yahudawa, Salahuddin ya ƙwato ta a 1187, sansaninsu babba na ƙarshe, Akka, ya faɗi a 1291. A 1204 ma maimakon Ƙudus sai suka afka wa Kustantiniyya ta 'yan uwansu Kiristoci suka wawashe ta. Waɗanda suka fi cin riba 'yan kasuwar biranen Benis da Jenowa na Italiya ne masu jiragen ruwa.

To daga ina suka fara tashi har suka wuce kowa?

Ba rana ɗaya ba ce kuma ba dalili ɗaya ba ne. Annobar da ta shigo ta jiragen ruwa a 1347 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai cikin 'yan shekaru, ita ce ma ta kashe iyayen Ibn Khaldun a Tunis, sai ya zama 'yan ƙwadago sun yi ƙaranci, manomin da a da yake kamar bawan mai gona ya samu bakin neman ƙarin lada. Biranen Italiya irin su Fulorens suka yi kuɗi da saƙa da banki, attajirai irin gidan Medichi suka ɗauki nauyin masu zane da magina da masu tono tsoffin littattafai, zamanin su Liyonado da Maikelanjelo kenan. Zinariyar da ake buga kuɗi da ita kuwa da yawa daga Afirka ta Yamma take ratsa Sahara, shi ya sa wata taswira da aka zana a 1375 ta nuna Mansa Musa zaune riƙe da dunƙulen zinariya.

Amma in za a ce in zaɓi abu ɗaya, injin ɗab'i zan zaɓa. Takarda daga Sin ta fito ta biyo ta hannun Musulmi, Sinawa da Koriyawa ma sun riga kowa buga littafi, sai dai injin da Gutenbag ya haɗa a garin Mainz na Jamus wajen 1450 ya dace da haruffa 'yan kaɗan, kafin 1500 an buga miliyoyin littattafai. Ku kwatanta da mai kwafar littafi da alƙalamin kara da tawada, wata nawa zai yi kan guda ɗaya. Daular Usmaniyya ba ta ba da izinin buga littafi da haruffan Larabci ga Musulmi ba sai 1727, kusan shekara 280 a tsakani, wallahi duk sanda na tuna wannan tazarar sai raina ya sosu.

Arzikinsu ba da jinin bayi aka tara shi ba?

Babban kaso, eh, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. A 1492 Garnaɗa, masarautar Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi a watan Janairu, aka kori Yahudawa daga Sifaniya, a watan Oktoba kuma Kolombus ya sauka a tsibiran Amurka yana zaton Indiya ya zo. Basko da Gama ya zagaya Afirka ya kai Indiya a 1498. Daulolin Aztek da Inka na 'yan asalin nahiyar Amurka suka rushe a hannun Sifaniyawa, takobi ya kashe, amma agana da ƙyanda da baƙin suka kawo sun fi kisa nesa ba kusa ba. Da ma'aikata suka ƙare sai aka juyo Afirka, kimanin mutum miliyan 12.5 aka loda a jirage cikin shekara wajen 350, kusan miliyan 2 ba su kai gaci ba teku ce kabarinsu, sauran suka ƙare a gonakin rake da taba da auduga.

Kuma har da namu a ciki. A Bahiya ta Burazil Hausawa bayi sun shirya tawaye a 1807, sun tashi a 1814, sannan a watan azumin 1835 Musulmi bayi, yawancinsu Yarbawa tare da Hausawa, suka yi babban bore a birnin Salbado, aka samu layu da takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Dole kuma mu faɗi ɗaya gefen, Bature bai cika shiga daji ya kamo da kansa ba, sarakuna da fataken Afirka ne suka kai bakin teku suka sayar, mu ma nan an yi cinikin bayi ta Sahara ɗaruruwan shekaru. Birtaniya ta hana cinikin a 1807, Burazil ba ta 'yanta bayi ba sai 1888.

Ta wannan hanyar dai masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono suka zo mana daga nahiyar Amurka, har dalar gyaɗar Kano.

Me ya sa suka raba addini da mulki, ƙin Allah ne?

Wanda bai san jinin da aka zubar ba zai ɗauka haka kawai suka tashi da safe suka yanke. A 1517 wani limamin coci Bajamushe, Martin Luta, ya fito ya soki sayar da takardun yafe zunubi da coci ke yi, injin ɗab'i ya yaɗa maganarsa kamar wutar daji, coci ya rabu Katolika da Furotesta. Daga nan fa sai yanka juna sama da shekara ɗari, a Paris a 1572 an kashe dubban Furotesta cikin 'yan kwanaki, Yaƙin Shekara Talatin daga 1618 zuwa 1648 ya cinye miliyoyi, wasu yankunan Jamus sun rasa rabin mutanensu. Gajiya ce ta sa masu tunani irin su Jon Lok suka fara cewa a bar kowa da imaninsa gwamnati ta tsaya kan tsaro da dukiya. Kuma ba duka suka yi iri ɗaya ba, Faransa ta raba da doka a 1905 da zafi sosai, Ingila kuwa har gobe sarki ne shugaban cocinta.

A wannan zamanin ne kuma kimiyya ta kama hanya, Kopanikus ya ce duniya ce ke zagaya rana a 1543, coci ya gurfanar da Galileyo a 1633 ya ƙare rayuwarsa a tsare a gida, Niyuton ya fitar da dokokin motsi a 1687. Abin da ya ba su ƙarfi shi ne in ka gano abu sai ka buga kowa ya gani ya gwada, in ƙarya ne a kama ka. Mu kuma sau da yawa mai sani ɓoyewa yake ya mutu da abinsa.

'Yancin ɗan Adam da suke ta faɗa, tun yaushe suke da shi?

Bai daɗe ba, kuma ƙwata aka yi ba kyauta aka ba su ba. A 1215 manyan Ingila suka tilasta wa sarki Jon ya amince da takardar Magna Kata cewa shi ma yana ƙarƙashin doka, a 1649 suka fille kan sarki Chals na ɗaya. Amurka ta ayyana 'yanci a 1776 da cewa duk mutane daidai aka halicce su, alhali wanda ya rubuta, Jefason, yana da ɗaruruwan bayi. Faransawa suka yi juyin juya hali a 1789 saboda yunwa da haraji da bashin gwamnati, suka fille kan sarkinsu a 1793, abin ya rikiɗe ya koma cin kan juna har Napoliyon ya naɗa kansa sarki a 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu. Waɗanda suka ɗauki maganar daidaito da gaske su ne bayin Haiti da suka tashi a 1791 suka kafa ƙasarsu a 1804, Faransa kuma ta ɗora musu diyyar faran miliyan 150 a 1825 wai don sun 'yanta kansu.

Mata fa, Birtaniya ta ba su ƙuri'a daidai da maza a 1928, Faransa 1944, Suwizalan sai 1971. Baƙaƙen kudancin Amurka ba su samu tabbacin ƙuri'a ba sai dokar 1965, bayan Najeriya da Nijar sun samu 'yancin kai.

Ya aka yi 'yan tsirarun Turawa suka ci Kano da Sakkwato?

Amsar tana cikin masana'antu. Daga wajen 1760 Ingila ta haɗa kwal da ƙarfe da injin tururi wanda Jems Wat ya inganta, masaƙun Manchesta suka fara fitar da yadi da arahar da masaƙin hannu ba zai iya ja da ita ba, da audugar da bayi suka noma a Amurka da kuma yara ƙanana da ke aiki awa goma sha biyu ko fiye, jirgin ƙasa ya fara jigila tsakanin Libapul da Manchesta a 1830. Lokacin da Bajamushe Hainrik Bart ya zo Kano a 1851 ya yi mamakin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus, wato muna da sana'a muna da kasuwa, injin ne babu.

Sai kwinin ya rage musu mutuwa da zazzaɓi, jirgin ruwa mai tururi ya hau Kwara, aka zauna a Balin a 1884 zuwa 1885 aka tsara yadda za a raba nahiyar ba ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Ga kuma bindiga mai ruwa. A Omdurman ta Sudan a 1898 mayaƙan Mahdiyya wajen 10,000 suka faɗi a safiya ɗaya, ɓangaren Ingila ba su rasa 50 ba. Faransawa suka shiga Damagaram a 1899, shekarar da Sarauniya ta tare su a Lugu. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a Yuli, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan inda garin da ke ɗauke da sunansa yake a bakin Nilu. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba ko kaɗan, doki da mashi ne suka gamu da inji. Kuma yawancin sojojin da Lugga, jagoran Turawan Ingila, ya zo da su baƙaƙe ne, da Hausawa da yawa a ciki, hafsoshin ne kawai Turawa. Habasha da ta tanadi bindigogin zamani ta haɗa kanta ta kori Italiya a Adwa a 1896.

In sun waye haka, me ya kai su yaƙin duniya har biyu?

Injin da suka juya kanmu shi suka juya kan junansu. Gasar daula da kishin ƙasa da ƙawancen soja suka taru, kisan yariman Ostiriya a Sarayebo a Yunin 1914 ya zama ashana, a ranar farko ta gumurzun Som a Faransa kaɗai a 1916 sojan Birtaniya sama da 19,000 suka mutu. Na biyu daga 1939 zuwa 1945 ya fi muni, Jamus ƙasar jami'o'i da manyan masana ita ce ta kashe Yahudawa miliyan 6 da tsari da lissafi kamar aikin kamfani, Tarayyar Sobiyet ta rasa wajen miliyan 27, Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. Wannan ya isa ya nuna ilimin inji daban tarbiyyar zuciya daban. Kakanninmu ma an kwashe su, yaƙin Hitila da tsofaffi ke faɗa, dubbai sun yi yaƙi da Japan a dazukan Boma kuma Hausa ce yaren bariki, da suka dawo sun ga Bature yana jin tsoro yana mutuwa kamar kowa, hakan ya ƙara wa neman 'yanci wuta.

Yanzu ina suka dosa?

Bayan 1945 Turai ta fito a ragargaje, jagoranci ya koma Amurka, aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar, ƙawancen soja na NATO a 1949. Faransa da Jamus da suka gwabza sau uku cikin shekara 75 suka haɗa kasuwar kwal da ƙarfe da wasu ƙasashe huɗu a 1951, abin da ya girma ya zama Tarayyar Turai, wannan kam abin a yaba ne a kuma yi nazari. Katangar Balin da ta raba birnin gida biyu ta faɗi a 1989, Sobiyet ta wargaje a 1991, har wasu suka ɗauka shikenan an gama. Toh ba a gama ba, Birtaniya ta fice daga Tarayyar a 2020, Rasha ta afka wa Yukren a 2022, haihuwa ta ragu tsofaffi sun yi yawa suna buƙatar baƙi ma'aikata suna kuma faɗa kan shigowarsu, masana'antu da yawa sun koma Sin, duba bayan wayar da ke hannunka ka ga inda aka haɗa ta. Har yanzu dai manyan jami'o'i da dala da kamfanoni irin su Google da Facebook suna hannunsu. A nan kusa da mu kuma sojojin Faransa sun kwashe kayansu daga Nijar a Disambar 2023, na Amurka suka bar sansaninsu na Agadas a 2024.